Hukuncin da Ya Ci Idon Darlene

Darlene Pruitt direbar motar makaranta ce a wani ƙaramin gari na jihar Oklahoma. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse cikin birane. Idan Asabar ta zo sai ta sa shuɗiyar riga da kariyar fuska, ta je ta yi alƙalancin sofbol, ƙwallon da 'yan matan garin ke bugawa da sanda. Yawancin yaran ba su wuce shekara sha biyu ba, kuma ita ke kai su makaranta kullum.

Da can alƙalan wasa suna da yawa a yankin. Zagin iyaye ne ya kore su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga ita sai wani dattijo mai ciwon gwiwa. Aikin mutum biyu ne, amma ita kaɗai take tsayawa a fili.

Ranar da abin ya faru, wasa ya zo ƙarshe, an fi 'yan gida da ci ɗaya, kuma damarsu ta ƙarshe ke nan. Wata yarinya daga 'yan gida mai suna Tenley tana tsaye a tasha ta farko, cikin wuraren tsayawar da mai gudu ke bi kafin ya ci, tana jiran ta ruga zuwa ta biyu. Doka ta ce kada mai gudu ta ɗaga ƙafa sai ƙwallo ta bar hannun mai jifa. Zumuɗi ya kwashi Tenley, ta riga ƙwallon tashi.

Darlene ta ɗaga hannu. “Ta fita!” Wasa ya ƙare ke nan.

Marisol, kocin 'yan gida, ta tako a hankali ta tsaya gefenta.

“Mis Darlene, ba gardama na zo yi ba. Me kika gani?”

“Ƙafarta ta bar tasha ƙwallo tana hannu.”

“Na ɗauka gargaɗi ake fara yi.”

“Wannan a rukunin ƙananan yara ne, Koci. A nan fita ce kai tsaye.”

Marisol ta ja numfashi. “Ni dai ban ga haka ba, amma ke ce a wurin. Na gode.”

Da a nan maganar ta tsaya, da kowa ya tafi gida da ɗan ɓacin ransa. Amma Dwayne Hostetler, mahaifin Tenley, ya riga ya kama wayar shinge yana jijjigawa.

“Ke tsohuwa! Nawa suka ba ki? Koma gida ki yi renon jikoki!”

Wasu iyayen suka kwashe da dariya, wasu suka taya shi ihu. Marisol ta ce, “Dwayne, zauna mana. Na tambaya, ta yi mini bayani.”

“Ke ma ai tsoronta kike ji!”

Tenley ta kama rigarsa tana kuka. “Baba, ka bari. Na tashi da wuri, ni na sani.” Ko kallonta bai yi ba.

Darlene ta saba da irin wannan. Ta sunkuyar da kai ta nufi inda ta ajiye motarta, ta cire kariyar fuska, ta zauna tana kwance takalma. Tana ɗagowa ta ga Dwayne tsaye a kanta da gorar ruwa ta ƙarfe a hannu. Ta waiga. Mutane sun yi da'ira, da yawa sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, babu wanda ya matso.

“Mista Hostetler, in kana da magana ka bi ta wajen koci,” in ji ta.

“Da ke nake!”

Ya wurga gorar. Ta same ta a idon hagu.

Likitoci sun yi mata aiki, sun sake yi, idon bai dawo ba. Da ta je gwajin gani sai aka karɓe izininta na tuƙa motar yara. Ta roƙa, ta kawo shaidar shekarun da ta yi ba ta taɓa ko gogar wata mota ba. Jami'in da ke ba da izinin ya ce ya tausaya mata, amma ba abin da zai iya.

Kotu ta ɗaure Dwayne na 'yan watanni, aka hana shi shiga filin wasa har abada. Dattijon nan mai ciwon gwiwa ya ajiye alƙalanci. Aka yi cigiyar wanda zai karɓa, ba a samu ba, sai aka rufe gasar sofbol ta garin. Masu hali suka riƙa kai 'ya'yansu wani gari mai nisa, sauran suka zauna a gida.

Wata yamma Marisol ta zo gaishe ta da kwanon naman kaza, Tenley na biye da ita. Yarinyar ta rame. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa kallon fuskar Darlene.

“Mis Darlene, da ban ɗaga ƙafata ba...”

“A'a, 'yata. Kowa yana kuskure a wasa. Ba ke kika yi mini wannan ba.”

Tenley ta gyaɗa kai, amma Darlene ta ga maganar ba ta shige ta ba. Ta miƙa hannu za ta riƙe nata, sai ta kama iska, don har yanzu ba ta saba da auna nisa da ido ɗaya ba. Yarinyar ta fashe da kuka.

Iyaye, idan hukunci bai yi muku ba, ku bar koci ya je ya tambaya cikin ladabi, ku karɓi amsar. Alƙalin wasa mutum ne kamar ku, kuma 'ya'yanku ne za su daɗe suna ɗauke da abin da fushinku ya jawo.