Makirufo na Biyu

Marin farko ya yi jifa da tabarau ɗin Injiniya, na biyu ya haɗa bakinsa da gefen tebur. Ko sallama Dogo bai yi ba.

Kwana tara ke nan da aka shaƙe ƙanwar Dogo a ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon, da rana tsaka, tana naɗar shirinta. Makirufo biyu ne a kunne, nata da na baƙo, kowanne bakin mai shi kaɗai yake kamawa. Amma da 'yan sanda suka saurara, ita kaɗai suka ji tana roƙo. Wanda take roƙon kuwa shiru. Injiniya ne ya rubuta manhajar da ke matse sautin, shi ya sa kowa ya sa masa ido.

"Kai ka goge," in ji Dogo. "Wa kake rufa wa asiri?"

Injiniya ya tofar da jini da guntun haƙori. Mutum ne da ko ana gobara sai ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce akwai wata manhaja mai juya rubutunsa zuwa harshen na'ura. Shi ya saita ta ta ƙara wa aikin sauri, ita kuma da shegen wayonta ta ga layukan da ke kula da makirufo na biyu kamar ba su da amfani, ta watsar da su. Yau da safe ya gano.

"Ke nan muryar ta tafi?"

"Ɗanyen sautin yana nan a cikin na'urar. In na cire saurin na sake haɗawa, za ta fito."

Dogo ya je ya murza wa ƙofa makulli. Ya dawo ya cusa hannun Injiniya na hagu cikin aljihun tebur, ya banko shi da gwiwa. Yatsu biyu suka ce ƙas.

"Wa ka faɗa wa?"

"Wallahi ba kowa!"

"Akwai wani kwafi?"

"Babu, shi ke nan."

Duk da azabar, sai Injiniya ya ji tausayinsa ya kama shi. Mutumin da aka kashe wa ƙanwa ai ba a cikin hayyacinsa yake ba. Da hannu ɗaya ya shiga dannawa, gumi na shiga masa ido, yana addu'a kada abin ya ƙi. In ya ƙi, ya san ba zai fita ɗakin nan da ƙafarsa ba.

Bai ƙi ba. Layin da ke kwance a allon ya miƙe ya fara rawa.

"Alhamdulillahi, mun kama shi!" in ji Injiniya, ya ƙure ƙarar.

Muryar da ta cika ɗakin tana cewa "Yi shiru, na ce ki yi shiru," ta Dogo ce, wanda ya sunkuyo kusa da kunnensa ya ce, "Sannu da aiki."