Teburin da Clarrie Ya Gajarta

Santimita goma sha biyar Clarrie ya datse daga kowace ƙafar teburin. Matarsa Beryl na tsaye a ƙofar shagonsa na bayan gida, ta dafa bango, tana kallon guntayen katakon suna faɗuwa.

Shekara hamsin da ɗaya yana aikin kafinta a garin Ingham. Rabin manoman raken garin a kan teburansa suke gyaran injinansu, kuma kowanne tsayinsa santimita casa'in ne, ba ƙari ba ragi. Wannan kuwa, da ya tsayar da shi, ko ƙugunsa bai kai ba.

"Tsoho, ka sake aunawa kuwa?"

"Sau biyu," ya ce, bai ɗago ba. "Je ki ji da kekunanki."

Ta koma kicin, inda kekunan ɗinkin matan gari uku ke jiran gyara a kan kanta. Shekara talatin a tsaye take wannan sana'ar. Ranar ko sukuru ɗaya ba ta kwance ba.

Haka mahaifin Clarrie ya fara. Shi ma kafinta ne. Ba sunan kowa ya fara mantawa ba, awo ne ya fara kuɓuce masa. Ƙofa ta fito a gajarce, taga ta ƙi shiga gurbinta. Shekara ba ta zagayo ba aka sayar da gidansa, aka kai shi gidan tsofaffi, inda ya ƙare yana tambayar ma'aikata ina zartonsa.

Beryl ta san abin da zai biyo baya. 'Yarsu Leanne za ta zo daga Townsville da takardu. Gidan nan da Clarrie ya kafa da hannunsa zai koma na wani. Ita kuwa, cikin watannin nan, duk dogaronta a kan lafiyar mutumin nan yake, fiye da yadda ta taɓa faɗa wa kowa.

Abin bai tsaya a ƙafafu ba. Washegari ya cire sandar da ke haɗa ƙafafun gaba, ya bar ƙarƙashin teburin wayam. Ya huda gurbin soket huɗu a goshin teburin, inda cikin mutum zai riƙa gogawa, maimakon can baya jikin bango kamar yadda kowa ke yi. Sai ya bar aikin a rabi, ya kwance ƙofar shagon mai lafiya lau, ya faɗaɗa ta. Ya fasa matakalar bakin ƙofa ya zuba siminti ya yi gangare. Ranar Talata ya ɗauki mota tun safe, bai dawo ba sai la'asar, ba katako ba ƙusa. Da ta tambaye shi ina ya je, sai ya ce, "Iska na sha."

Doka ba ta yarda kowa ya ja wayar wuta da kansa ba, don haka ran Juma'a Gavin mai aikin lantarki ya zo. Beryl ta kawo musu shayi, tana tafiya a hankali, rabinsa ya zube a faranti.

Gavin ya durƙusa yana murɗa waya, yana dariya. "Baba Clarrie, wannan na 'yan makarantar raino ne? Ko tsufa ne ya fara maida kai ƙasa?"

"Ja wayarka, sarkin surutu. Ubanka ma da baki ya fi iya aiki."

Gavin ya gama, ya gwada kowane soket da injin huda, duka suka kawo. Amma a bakin motarsa dariyar ta ɗauke. Ya rage murya. "Inna Beryl, kada ki ga na shiga abin da ba nawa ba. Mutumin da ya koya wa rabin garin nan awo... Ku kai shi a duba shi."

To, an zo wurin. Abin da Gavin ya gani yau, gobe yana bakin kowa.

Ta ɗauki waya za ta kira Leanne, ta ajiye. Ba za ta kai ƙarar mijinta a bayan idonsa ba. Ta nufi shagon, ƙafarta ta hagu tana jan ƙasa a kan sabon simintin.

"Clarrie, dube ni. Teburin nan ba daidai yake ba, kai ma ka sani. Mutum ba zai iya aiki a kansa a tsaye ba. Haka Babanka ya fara. Ba zan rufe ka ba, gobe zan kira yarinyar nan."

Ya ajiye fensirinsa. Sannan ya jawo kujera, ya kama gwiwar hannunta ya zaunar da ita, ya tura ta gaba. Gwiwoyinta suka shige ƙarƙashin teburin ba abin da ya tare su. Hannunta ya sauka daidai kan soket.

"Kin iya ɓoye takardar likita, tsohuwa, amma ba ki iya ɓoye tafiyarki ba," ya ce. "Ranar Talata asibitin Townsville na je, na auna keken guragun da suka ce za ki hau kafin damina. Teburin nan naki ne, a kansa za ki ci gaba da gyaran kekunanki a zaune."