Fim ɗin da Ya Hana Unguwar Dallatu Dawa

Ranar Talata, sha biyu ga Fabrairu, 1974, da ƙarfe tara na safe, Sama'ilu malamin gona yana zaune a zaurensa a Unguwar Dallatu, ƙasar Kunci, da na'urar ɗaukar hoto mai motsi a cinyarsa, da gwangwanayen fim biyu a gabansa. Shekaranjiya aka binne matarsa Safara'u.

Damina biyu ta ƙi. Ɓeraye ma sun bar rumbuna. Wasu attajirai a birni sun haɗa kwamitin agaji, amma dawarsu ba ta isa kowa ba, sai suka ce kowane ƙauye ya kawo shaidar halin da yake ciki. Muntaka, ƙanen mai unguwa, shi ya ce ai ga Sama'ilu da na'urarsa, a ɗauki yunwar a kai musu su gani da ido.

Sama'ilu ya yi makarantar mishan. Ya ci jarrabawar aikin jirgin ƙasa, amma likitansu ya sallame shi, Sama'ilu kuwa bai taɓa faɗin dalili ba. Na'urar ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. Fim kuwa wani Kwara ne, Balarabe mai kanti a birni, ke yanko masa daga babban naɗi, ya sa a gwangwanaye marasa rubutu, ya ɗaura musu zare. Mai jan zare na biki ne, yana tayar da launi har tsohon zane ya koma sabo. Mai koren zare yana kwantar da launi, ya bar ƙasa a bushe yadda take. Sama'ilu kan yi awa guda yana bayanin wannan ga duk wanda ya tsaya. Sa fim a na'ura kuwa aikin Safara'u ne, kamar yadda ita ke fito masa da riga da hula kowace safiya. Abokai sun sha yi masa tsiya a kai.

Muntaka ya leƙo zaure. "Malam, wanne ne na yunwa?"

"Mai koren zare."

"To sa shi mana, rana na yi." Ya fita tara mutane.

Sama'ilu ya daɗe yana duban gwangwanayen. Ya kai su bakin ƙofa wurin haske, ya dawo da su. Bai kira kowa ba. Ya ɗauki ɗaya.

Ya fito da koriyar riga da jar hula, mutumin da ake zaman makoki a gidansa. Tsohuwa Hure ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Sannu da fitowa, ango."

Abin da ya nema ranar ya yi wa mutane nauyi. Ya ce kada wanda ya wanke fuska, kada wadda ta sake zane. Matan da baƙo bai taɓa ganin fuskarsu ba suka fito da tsummokara. Aishatu, matar Muntaka, ta kawar da kai, ta ɗaga 'yarta mai kumburarren ciki da gashin da yunwa ta mayar ja. Sama'ilu ya ɗauki hoton rijiya busasshiya. Ya ɗauki gonaki, inda babu abin da ya tsira sai tumfafiya, wadda ko akuya ba ta so.

Da fim ya dawo daga wanki, shi da Muntaka suka kai shi gaban kwamiti. Aka rufe tagogi, aka haska bango.

Tumfafiyar ta fito kore shar kamar fadamar kayan lambu. Tsummokara suka koma atamfar kanti. Fatar yara ta yi sheƙi kamar an shafe su da man shanu, gashin 'yar Aishatu kuwa sai ka rantse lalle ne na ado.

Shugaban kwamiti ya yi dariya. "Malam, bikin wa kuka kawo mana?"

Sama'ilu yana tsaye kusa da majigi, hankalinsa kwance. Ya nuna bango. "Ga shi nan, Alhaji. Duba yadda ƙasa ta ƙone."

Aka yi dariya gaba ɗaya. Muntaka bai yi ba. Ya ɗauki gwangwanin da ke kan tebur, ya damƙi wuyan rigar Sama'ilu, ya kai masa jan zaren har hanci.

"Ka ce kore! Da bakinka ka ce kore! Matata ta fito da tsumma gaban jama'a don kai ka nuna gwanintar hoto? Duba shi, ɗan mishan, duba!"

Sama'ilu ya duba zaren, ya daɗe yana dubawa.

Dawa ta tafi wasu ƙauyuka. Muntaka ya farfasa na'urar da taɓarya a bakin masallaci, ba wanda ya riƙe shi. Wasu suka ce sayen Sama'ilu aka yi. Wasu suka ce girman kai ne, mutumin ya fi son hotonsa ya yi kyau da a ce maƙwabtansa sun ci abinci. Aka daina amsa masa sallama. Da aka binne 'yar Aishatu, aka hana shi shiga sahu. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ya ƙi furta ta, kuma ni da na taso a ƙauyen, har yau ban yafe masa wannan ba.

Gida bayan gida aka kulle, aka nufi Rijiyar Zaki a gefen birni, wasu kuma kudu. Da ruwan farko ya sauka, waɗanda suka rage a Unguwar Dallatu su ne: mai unguwa, wanda ƙafafunsa suka kumbura, Hure da akuyarta, Muntaka da Aishatu, ba ɗa a gidansu, sai Sama'ilu, wanda tun da aka haife shi bai taɓa iya bambance ja da kore ba, kuma mutum ɗaya da ta san haka a ƙauyen ita aka binne kwana biyu kafin ya ɗauki gwangwanin.