Shekarar da Aka Kife Tukwanen Burkutu

A wani ƙauyen Maguzawa an yi wata mata mai dafa burkutu, wadda ta san maƙogwaron kowane namiji a garin. Cikin masu zuwa gidanta akwai wani maƙeri. Kullum ta Allah, da ya kashe wutar maƙera sai ya zo ya zauna kan wani tsohon turmi, ya sha ƙoƙo ɗaya, ya karkaɗe riga ya tafi. Shi gari ya laƙaba wa mashayi, shi ake nuna wa yara da baki. Akwai kuma ƙanenta, manomi, wanda ba a ganinsa wurin sai ranar kasuwa, kowa na cewa ga mai kamun kai. Ita ta san wanda ke shigowa ta bayan danga tun burkutu bai gama tashi ba, ya sha a tsaye kamar wanda aka biyo.

Sai aka yi shekarar da damina ta yi gardama. Al'adar garin kuwa, in rumbu ya yi ƙasa ba a jiƙa dawa don giya sai sabuwa ta shigo gida. Ta wanke tukwanenta ta kife. Maƙeri ya zo ya tarar, ya yi tsaki, ya ɗan kwana biyu yana huce haushi kan ƙarfe, daga nan ya ci gaba da zuwa kan turminsa, yana shan kunun tsamiya yana zagin kunun. Ƙanen kuwa ya rame, barci ya ƙaurace masa. Ana tsakiyar bazara, gabas ta fara haɗa hadari, sai ga shi da buhu a kafaɗa, ya zazzage mata zangarniyar dawa. Kallo ɗaya ta yi mata, baƙa ƙirin da hayaƙi. Dawar iri ce, wadda ake ratayewa saman murhu don kada ƙwari su ci, wadda ko yunwa ta kwantar da gida ba a taɓa ta.

"Yaya, jiƙa min. Tukunya ɗaya, ba mai ji."

Ta kwashe dawar ta jefa cikin rumbunta, ta zauna a gindinsa. Ya roƙa, ya zaga, ya yi kuka, ƙarshe ya kai ƙara. Dattawa suka tako har gida suka ce ba a taɓa yi ba, mace ta riƙe wa magidanci kayansa.

Ko tashi ba ta yi ba, ta ce, "Kayansa? Tuwon 'ya'yansa ne na baɗi. Wanda ya isa ya hau ya ɗauko. Shekara da shekaru kuna yi da maƙeri, ga shi can yana kurɓar kunu. Naku mai kamun kan ne ya kawo min gonarsa a buhu."

Ba wanda ya hau. Ranar da ruwan shuka ya sauka ta ɗauko irin, ta tasa ƙanen a gaba da sungumi har gona. Yana sara, ita tana jefawa tana rufewa da ƙafa, ko ƙwaya ɗaya ba ta bari ta shiga tafin hannunsa ba.

Kada ka ce na wanke maƙeri. Shan kullum na cin hantarsa a hankali, kuma zai biya. Amma shi in giya ta ƙare, tsaki zai yi ya koma maƙerarsa. Wancan kuwa sai ya cinye baɗi don ya sha yau. Ciwo ne, sai an sami mai taurin kai ta tsaya masa. Muddin tukunya na kan wuta ba za ka rarrabe su ba, bare ka san wanda ya fi buƙatar a riƙe shi. Ai dama ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.