Zaren da ya ƙi saki

Wani tsohon malamin jami'a ya ba ɗalibarsa wannan misali, ran da ta zo tana yabon wani magani saboda ƙarfinsa kawai.

Ya ce akwai wata mata mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje, sana'arta harhaɗa guntayen zaren DNA, irin zaren da ke cikin jikin mutum ɗauke da gadon iyaye. Nata zaren aikinsa ɗaya ne. A jefa shi cikin 'yar kwalba tare da ɗigon jini, ya nemi alamar sikila. In ya samu ya manne mata, ruwan ya yi koren haske, in bai samu ba ya zauna shiru. Aibinsa rauni. Da ɗumi ya taɓa shi sai ya saki abin da ya kama. Sai ta sa sinadari ta ƙarfafa gaɓoɓi uku a jikinsa, ya daina saki. A nan ya kamata ta tsaya. Amma mace ce mai yawan mafarkin ido biyu. Da azahar takan ɗaga kwalbar saitin taga, ta ga kamar zarurrukan suna iyo a hankali cikin wani tafki marar gaɓa, kowanne yana lalube, yana neman ɗan'uwansa. Tausayinsu ya kama ta, ta ce ba za su ƙara rabuwa ba. Ta bi gaɓa bayan gaɓa tana ƙarfafawa, har kusan ba ta bar ko ɗaya ba.

A kwanakin nan ɗan wanta, wanda aka san yana ɗauke da alamar sikila, ya kawo mata jinin yarinyar da yake so ya aura. Kwalba ta yi haske, kore shar kamar gero bayan ruwan farko. Ta ce masa ya yi haƙuri, yarinyar ma tana ɗauke da ita, 'ya'yansu na iya shan wahala. Ya daɗe yana kallon hasken.

"Gwaggo, kin tabbata?"

"Zarena ba ya saki," in ji ta.

Aka mayar da kayan aure cikin mutunci, ba wanda ya ɗaga murya. Sai bayan damina, wata azahar, ta ɗiga nata jinin, wanda ta san lafiyayye ne, don ta sake kallon tafkinta shiru. Ruwan ya yi kore. Zaren ya yi ƙarfin da ba ya bambanta ɗan'uwansa da mai kama da shi. Duk wanda ya rungumo, ya riƙe ke nan. Ta aika a nemo yarinyar, aka ce an ɗaura mata aure da wani tun watan jiya.

Malamin ya ce: garin neman gira, an rasa ido.