Akwatin da Aka Ɗora wa Butar Shayi

Kin ce aiki ya tsaya miki cak, kin rasa dalili? To saurari wannan. Wani ma'aikaci ne ke kula da na'urori a wata cibiyar zana jarrabawa. Suna da babbar kwamfuta guda, a cikinta akwai ƙananan kwamfutoci marasa jiki, na manhaja zalla, kowace da aikinta. Akwai kuma manhajar da ke tashe su ɗaya bayan ɗaya, kamar uwa da 'ya'yanta da safe. Mutumin nan ya iya aiki, sai dai ɗan ƙwalisa ne, ba ya son ganin waya a warwatse. A kusurwar ɗakin akwai wani tsohon akwati mai gurnani, aikinsa kawai ya gaya wa kowace na'ura adireshin 'yar'uwarta. Gogan naki ya ce abin nan ya ɓata masa ɗaki. Ya kwashe aikin akwatin ya mayar cikin ɗaya daga ƙananan kwamfutocin, ya zare masa waya, ya mai da shi wurin ɗora butar shayi. Watanni suka wuce lafiya lau, don babbar ba ta taɓa mutuwa ba.

Ranar jarrabawa da safe aka ɗauke wuta, batir ya ƙare, kafin janareto ya tashi komai ya mutu. Ya kunna, manhajar ta fara tashi, sai ta ƙame, ba gaba ba baya. Ya kashe ya kunna, ya sake, shiru. Ga ɗalibai sun cika harabar, wasu daga ƙauye suka taso tun asuba, in lokaci ya wuce kuwa sai baɗi. Hankalinsa ya tashi matuƙa, har ya yi niyyar goge komai ya sake daga farko. Ya miƙa hannu zai sha ruwa, idonsa ya faɗa kan abin da ke ƙarƙashin butar. Ya daka tsalle ya ce, "Allahu Akbar! Ashe jira take yi!" Manhajar ba ta lalace ba. Ba ta tashi sai ta tambayi adireshi, mai ba ta amsar kuwa yana barci a cikinta, kuma ita ce za ta tashe shi. Ya sauke buta, ya kakkaɓe akwatin, ya jona masa waya. Tsohon akwatin ya yi gurnaninsa, ya ba manhajar adireshin da take jira, nan take fitilun na'urorin suka kama kore bi da bi, aka buɗe ƙofa ɗalibai suka shigo a guje. Mutumin nan, don murna, har rungumar akwatin ya yi.

Kin ga, abin da manhajar take nema yana cikinta, ta zauna tana jiransa daga waje. Shi ya sa Hausawa ke cewa, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.