A Ina Aka Yanke Cibiyar Mannir?

Saura kwana goma sha biyu a rufe karɓar takardun shiga makarantar jinya, sai Mannir ya tuna 'yarsa Hadiyya ta roƙe shi wani abu tun kafin azumi. Takardar haihuwarsa take so. Sai da ita kotu za ta ba yarinyar shaidar zama 'yar ƙasa, ba a kuwa karɓar dosiye, wato takardun neman shiga, babu wannan shaida. Bana ce damarta ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce ƙa'ida.

Atamfa Mannir yake sayarwa a kasuwar Sankaryaare, ko ido rufe zai faɗa maka turmi nawa ke shagonsa. Takardunsa kam ya bar wa Allah. Marigayi babansa ne ke ajiye su a akwatin ƙarfe, akwatin kuwa ya salwanta ranar da aka kwashe kaya za a rushe unguwarsu ta Zango, wato Zangouettin. Katin ɗan ƙasarsa ya faɗi tuntuni, da takardar cigiya ta 'yan sanda yake yawo, ta yi laushi kamar tsumma. Ba zan yi masa dariya da yawa ba, don ni ma kada a ce in fito da tawa yanzu.

Ya hau babur ya nufi meri, ofishin magajin gari. Ya sayi tambur, wato kan sarki, ya bi layi, ya faɗi sunansa da na iyayensa da shekarar da yake zato. Aka ce ya dawo jibi. Jibi ta yi, babu sunansa. Aka duba shekarar gaba da ta baya, babu. Aka tura shi wani ofishi inda tsofaffin rajistoci suke, daga can aka tura shi wani. Ya bar shago a kulle, ya rame, ya fara yi wa babur faɗa a kan titi.

Duk la'asar in ya shigo gida, Hadiyya ba ta tambaya, hannunsa kawai take kallo.

Mahaifiyarsa, Inna Lami, tana zaune a tabarma tana ganin komai. Mannir ɗan farinta ne, shekara hamsin da 'yan kai ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta yi zancen haihuwarsa. Rannan sai ta ce wa jikarta, "Ki ce wa wancan ya je ya gai da gwaggonsa a unguwar Gounghin." Hadiyya ta isar da saƙo. Mannir ya ce shi da ke fama da kansa, ina ya ga lokacin zumunci. Bayan kwana uku tsohuwa ta sake aikowa. Ya ce to, bai je ba.

Ranar Laraba, saura kwana biyu, wata ma'aikaciya da ta gaji da ganinsa ta rufe rajista ta ce, "Malam, ka tabbata a garin nan aka haife ka?"

Abin ya ɓata masa rai. Ya ce shi jikan fataken goro ne, kakansa yana cikin waɗanda suka kafa Zango, in ba a nan aka haife shi ba to a sama ne? Matar ta yi masa bayani a hankali, rabi da Mosanci rabi da Faransanci, cewa takardar haihuwa tana zama ne a garin da aka rubuta ta, ba ta bin mutum in ya yi ƙaura.

Ya fito yana huci. Da yake ofishin bai da nisa da Gounghin, sai ya biya gidan Gwaggo Balkisu, ƙanwar babansa, don ya sami wanda zai kai wa ƙarar gwamnati. Ta saurara har ya gama, sannan ta ajiye carbi.

"Wa ya ce maka a Zango aka haife ka?"

"Gwaggo, ai kowa ya sani."

"Kowa wa? Ni na raka uwarka goyon ciki gidan iyayenta a garin Puytenga. Can aka haife ka, can aka yi suna, can ubanka ya rubuta ka. Kana da kwana arba'in muka dawo da kai a bayan motar goro, kana ta ihu kamar yadda kake yi yanzu."

Da asubar Alhamis ya shiga mota. A meri ta Puytenga ko rabin awa ba a yi ba aka fito da rajistar, ga sunansa nan zaune lafiya lau, ba abin da ya same shi. Ya dawo da yamma. Safiyar Juma'a shi da Hadiyya suka kai takardun kotu. Aka karɓa da mutunci, aka ce shaidar za ta fito mako mai zuwa. Ya roƙa, ya yi rantsuwa, ya ambaci kakansa. Aka nuna masa tulin takardun waɗanda suka riga shi.

Ƙarfe huɗu aka rufe karɓar dosiye. Ranar Talata shaidar ta fito. Hadiyya ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Sannu da wahala, Baba." Ta haɗa ta da sauran takardun, ta ɗaga katifa ta tura su ƙasa. Litinin ta zagayo, ta bi shi kasuwa tana koyon ninke atamfa.

Jama'a, takardar hukuma ba ranar buƙata ake nemanta ba. Kuma kafin ka je kana buga wa ma'aikaci tebur, zauna gaban tsofaffin gidanku tun suna raye, ka tambayi inda aka haife ka da inda aka rubuta ka. In kunya ta hana uwa faɗa, akwai gwaggo.